Zariya Zuwa Kaduna a Awa Ɗaya da Rabi

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar da na zauna a zauren Kyaftin Yahuza a Tudun Wadan Zariya, gumi yana bin gadon bayana, ina ganin lasisina na tuƙin jirgin sama yana neman suɓuce mini. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san aikinmu ba. Kowane matuƙi yana da littafin da muke kira logbuk. Duk tashin da ka yi sai ka rubuta shi a ciki: rana kaza, daga gari kaza zuwa gari kaza, ƙarfe nawa ka tashi, ƙarfe nawa ka sauka, kuma kai ne ka jagoranci jirgin ko zaman mataimaki ka yi. Awannin jagoranci su ne masu daraja. Babban kamfani ba ruwansa da iya karkata hula ko tafiyar ƙasaita, littafin nan zai buɗe ya duba. Ƙarya a cikinsa kuwa ba ƙaramin laifi ba ce, hukuma tana iya ƙwace lasisin mutum a kanta.

A lokacin ina tuƙa wani ɗan jirgi mai kujera shida na wani ƙaramin kamfanin haya. Ni kaɗai ne a gaba, don haka kowane minti na jagoranci ne. Yau Kaduna, gobe Kano, wani lokaci Abuja, ina tara awa kamar mai cika randa da ludayi. Kwatsam sai ga wani babban kamfani yana neman matasa masu awa ɗari biyar na jagoranci, ranar Litinin za a rufe karɓar takardu. Na duba nawa, ɗari biyar da goma sha ɗaya. Saura kawai wani tsohon malamin tuƙi ya duba littafin ya ba ni takardar shaida.

Kyaftin Yahuza shi ya koya mini tuƙi tun daga ranar farko. Ya yi ritaya, gidansa layi uku daga namu. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ban taɓa jin tsoron wani mahaluki kamarsa ba. Baba ya ce zai raka ni, wai sun kwana biyu ba su gaisa ba (gaskiyar magana so yake a yabi ɗansa yana zaune, ni ma kuma ban ƙi ba). Na goge farar rigar aiki mai igiya a kafaɗa na saka, ranar Asabar, don tafiyar layi uku a ƙafa. Allah dai ya yafe mini.

Aka gaisa, aka kawo shayi. Kyaftin ya saka tabarau, ya ɗauko rula ya ɗora a kan layin farko, ya fara bi a hankali. Baba yana ta ba shi labarin yadda nake son jirgi tun ina ƙarami, shi kuma yana cewa "haka ne, Alhaji" ba tare da ya ɗago ba. Shafi ya wuce, wani ya wuce. Har na fara jingina da bango ina kaɗa ƙafa. Sai rular nan ta tsaya.

"Wannan jirgin naku, an canja masa inji ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ta ina kake bi in za ka Kaduna?"

"Kai tsaye, ranka ya daɗe."

"Kai tsaye, awa ɗaya da rabi," in ji shi. "Ɗan acaɓa mai zafin kai zai iya riga ka isa."

Baba ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Kyaftin bai yi ba. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin nan ya san tafiyar ba ta kai rabin awa. Ya gangara da rula layi na gaba, ya karanta. Ya sake gangarawa, ya karanta. Ya buɗe shafi, ya sake buɗe wani. Tafiyar wata uku cur, kowace da ƙarin awa guda da 'yan mintoci. Ya ƙirga su da bakin biro ina jin ƙarar kowace ɗigawa, arba'in da ɗaya.

Ya rufe littafin, ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Ɗana, na san ka tun ba ka san gaban jirgi da bayansa ba. Abu biyu ne. Ko dai ka ga awanninka ba su kai ba ka yi musu ciko, ko kuma akwai bayani. In na farkon ne, littafin nan ba zai koma hannunka ba, daga nan sai hukuma. Ba zan iya gani in yi shiru ba, rayukan mutane za a ba ka. Ina sauraronka."

Baba ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa, a hankali. Mutumin da ya rabu da gonarsa ta Dutsen Abba don in yi karatun nan. Ban iya kallonsa ba. Wallahi na tsorata, tsoron da ban taɓa ji a sama ba ko a cikin hadari. Na san ban yi ƙarya ba, amma ga rubutuna, ga sa hannuna a ƙasan kowane shafi, kuma ni kaina ban san daga ina awannin suka fito ba.

A nan sai in faɗa muku abin da ban faɗa wa Kyaftin ba tukuna. Wata ukun nan ban taɓa littafin ba. Ƙa'ida ita ce kana sauka ka rubuta, ni kuwa na jefa shi a durowa ina cewa gobe. Da na ji labarin ɗaukar aikin sai na zauna wata Lahadi na cike shi duka a zama ɗaya, ido ɗaya a kan littafi, ɗaya a kan ƙwallo a talabijin. Kuma na lura jimillar ta haura fiye da yadda na zata. Kun san me na ce? Na ce albarkar iyaye ce. Ban sake duba ko layi ɗaya ba.

"Lokacin tashi, daga ina ka samo?" Kyaftin ya tambaya.

"Daga saƙon ofis, ranka ya daɗe. Duk tashin jirgi suna turowa."

"Madalla. Na sauka fa?"

Ofis ba ya turo na sauka, yana cikin takardun jirgi a Kaduna, ni kuma ƙiwa ta hana ni zuwa in duba. Na san inda na samo shi sarai, faɗar ce ta yi mini nauyi. Kuma ina gani jinkirin nan yana ƙara mini kama da mai laifi. Fankar zauren tana ta juyi, wani mai keke yana ta danna ham a waje.

"Ana tambayarka," in ji Baba. Muryarsa ta canja.

"Daga waya," na ce.

"Wace wayar?"

"Tawa. Duk in na sauka... ina kiran Inna."

Haka ne. Ƙaton mutum mai gemu, mai igiya a kafaɗa, jirgi bai gama hucewa ba nake kiran mahaifiyata in ce na sauka lafiya, don in ban kira ba ko ruwa ba ta sha. Ran Lahadin nan sai dabara ta zo mini: ai duk lokutan saukata suna cikin jerin kiran waya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kwafe (har ina yaba wa kaina, wai ga mai basira).

Kyaftin ya zuba mini ido. Ina ganin a lokacin ya riga ya gane, jira yake in gane da kaina. Ban gane ba. Baba ne ya yi magana, Baba da bai taɓa shiga jirgi ba, wanda rediyonsa ba ta barin kunnensa tun kafin a haife ni.

"Tsaya. Ba na ji kana cewa ku masu jirgi da agogon GMT kuke aiki ba?"

"Haka ne, Baba."

"Wayarka kuma agogon Najeriya ce. To ai awa guda ce tsakani. Kullum sai an faɗa a labarai."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wannan darasin makon farko ne a makaranta, kuma wanda ya koyar da ni shi yana zaune a gabana. Na tashi da agogon GMT, na sauka da agogon gida, sau arba'in da ɗaya. 'Yan mintocin da ke kai kuwa, lokacin da nake ɗauka ne kafin in kashe inji in laluba aljihu.

"Alhaji, ashe kai ya kamata in koya wa," in ji Kyaftin. Amma bai ɗage hannunsa daga kan littafin ba. Ya miƙo ɗaya hannun. "Kawo wayar. Magana ba ta isa ba."

Ya sa Baba ya riƙe wayar yana karanto rana da lokaci, shi yana bi da rula. Ni kuma ina tsakiya ina addu'a kada a sami layi ɗaya da bai dace ba, don na san guda ɗaya ya isa ya rushe sauran. A wajen na talatin Baba ya yi ta gungurawa bai ga kira ba. Can na tuna ranar wayar Inna ta faɗa ruwa, ta Baba na kira. Ya duba, ga shi nan, sunansa da kansa. Suka ci gaba har ƙarshe.

Sai a lokacin Kyaftin ya turo mini littafin. Ba a goge komai a logbuk, ba a yaga shafi. Kowane kuskure layi ɗaya ake ja a kansa yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Ma'ana duk wanda zai buɗe littafin nan har ƙarshen aikina sai ya ga wautata sau arba'in da ɗaya. Ya ce in je Kaduna in kwafo lokutan gaskiya daga takardun jirgi, sannan in dawo. Da aka gyara, awa ɗari huɗu da sittin da shida suka rage mini. Litinin ta zo ta wuce ban kai takarda ba. Abokaina biyu suka shiga, ni na koma ɗan jirgina sai da shekara ta zagayo.

Muka kamo hanyar gida ni da Baba har muka zo bakin ƙofa. Ya tsaya yana cire takalmi, ya ce, "Da ƙarya ka yi, ban san inda zan sa kaina a unguwar nan ba. Wauta kuwa da sauƙi, mun saba da taka." Ya shige ciki. Na daɗe a tsaye a wurin, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba.

Tun daga ranar, in lissafi ya zo mini da daɗi fiye da yadda na zata, sau biyu nake duba shi kafin in kira shi albarka. Kuma ina sauka, kafin in kwance bel, nake rubuta lokaci daga agogon jirgi, sannan in taɓa waya. Inna ta yi ƙorafi wai yanzu kirana yana makara da minti biyu. Na ce ta yi haƙuri da minti biyun nan, rashinsu ne ya ci mini shekara guda.