Yadda Ake Biko da Hikimar Mutanen Da

Kai da zafin ranka ya kori matarka gidansu a Nahuce, share hawayenka. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, natsuwa sai ta cika gidanka fal.

1. Nemo ilimi

Sayi data ka kalli bidiyon mabiya addinin Buda masu aski ƙwal, da na tsofaffin masanan ƙasar Girka masu gemu. Ba sai ka kai ƙarshe ba, wa ke da wannan lokacin? Darasin dai guda ne: ƙwallafa rai kan abu shi ke jawo baƙin ciki, saboda haka saki komai.

2. Gwada kanka a mota

Hau bas daga Gusau zuwa Tsafe, ka zauna inda za a jibga maka buhun gero a gwiwa. In kwandasta ya taka ka, lumshe ido, ja numfashi. Zagi a zuci babu laifi. In ma masanan sun hana, ban kai wurin a bidiyon ba.

3. Tafi kai kaɗai

Za a ce ka ɗauki kawunka ya yi maka baki. Ka ji mutane! Mai hikima da ɗan rakiya? Tuɓe takalmi, durƙusa gaban surukinka, ka rage murya kamar mai zazzaɓi.

4. Amsa irin ta masana

Abokina Tukur ya kai wannan matakin. Surukinsa ya ce, "To Tukur, kana buƙatar ɗiyata ta koma ɗakinta?"

Tukur ya lumshe ido. "Baba, ni yanzu ban riƙe komai a rai ba. In ta dawo daidai, in ba ta dawo ba daidai."

"Mi ka ce?"

Sai ya maimaita, har da murmushi. Ashe matar tasa Zuwaira tana bayan zana, ta ɗaure kayanta tun safe, kalma ɗaya mai daɗi take jira. Nan take ta kwance ƙullin. Wallahi na tausaya masa, don son ta yake kamar ransa.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya babu ruwana, kada kowa ya zo mini ƙofar gida. Natsuwa na yi alkawari, ba dawowar mata ba. Je gidan Tukur ka gani, shiru tsit, ko ƙarar tukunya ba ka ji.