Ranar da Na Goge Bindigar Kafilina

Ni injiniya ne, kuma a shekarun da na yi a Riyad ban bar kowa ya manta da haka ba.

Kafilina, wanda iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, dattijo ne a Al-Nasiriya mai tara ƙananan bindigogin Yaƙin Duniya na Biyu. Wata Juma'a ya gayyace ni cin abinci tare da abokina Dakta Sani. Ya nuna mana wata bindiga baƙa ƙirin, ya ce ta gwaji ce, ba a taɓa raba wa sojoji irinta ba. Sannan ya roƙe ni in gyara makullin akwatinta, suka fita shan gahawa.

Nan da nan na gama da makulli. Sai na dubi bindigar, na tausaya mata. Na nemo toka da lemun tsami a kicin, na goge ta yadda mahaifiyata ke goge tasa, har na ga fuskata a jikinta.

Da suka dawo, dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasa.

"Ya muhandis," in ji shi, wato injiniya, "ina baƙin jikinta?"

"Na cire shi tas, ranka ya daɗe."

Sani ya raɗa mini, "Baƙin nan daga masana'anta yake. Har hatimin gwajin ka cinye."

A watan nan iƙamata za ta ƙare. Mako biyu ban ji ɗanɗanon abinci ba, kafin dattijon ya sa hannu a sabunta ta, bai ko dube ni ba.

Har yau in na je gidan Sani a Kano, sai ya leƙa ciki ya ce, "Hajiya, shigar da Baba ɗaki. Injiniya ya zo, kada ya goge mana shi."