Allon Farfesan Lagireto

Duk wanda yake zaton ilimi a jami'a ya ƙare, to bai taɓa bin layinmu ba. Ya zo ya wuce shagon mai faci, ya tsallake kwatar da ke gaban mai walda, zai tarar da wata rumfar kwano mai shuɗin fenti. A nan Farfesa yake zaune. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan muƙami. Mai faci ne ya fara kiransa haka da tsokana, shekara goma sha biyar da suka wuce, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har yau bai mayar ba.

Sana'arsa lagireto, wato akwatin nan mai siraran bututai da ke gaban mota, inda ruwan inji ke bi ya huce. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai gyaran lagireto. Wani direban tasi ya taɓa yin wannan ganganci, sai da ya yi awa guda tsaye a rana yana sauraron bambancin mai gyara da mai ƙira. Da aka sallame shi ya manta abin da ya kawo shi.

Farfesa ba ya taɓa aiki sai da farar riga irin ta likitoci. A aljihun rigar akwai biro biyar, uku ba sa rubutu. Yana da tabarau mai kauri da yake sawa idan zai yi magana, ya cire idan zai duba aiki. In mota ta tsaya a gaban rumfarsa tana huci, ba ya gaggawa. Sai ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya, ya girgiza kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa, sannan ya juyo ga duk wanda tsautsayi ya ajiye a wurin.

"Jama'a," in ji shi, "inji wuta ne. Ruwa ya ɗauko zafin, ya kawo wa bututu. Bututu ya miƙa wa 'yan ganyayyakin tagullar nan. To, daga nan wa zai karɓa? Iska! Ba iska, ba sanyi. Ku rubuta."

Ba wanda ya taɓa rubutawa, amma ko mai shayin bakin layi zai iya kawo maka ita da ka. Saboda wannan aƙida tasa, Farfesa ba ya ga maciji da kayan adon da direbobi ke maƙalawa a gaban mota. Fitilun ƙawa, furannin roba, lambobin ƙarfe, da hannunsa yake ɓalle su ya watsar, yana faɗin, "Kun toshe mata hanci, kuna so ta yi numfashi!"

Sai dai a faɗi gaskiya, hannun mutumin na da kyau. Idan ya jera bututai ya bi su da dalma, ya hura iska ya tsoma lagireton a bahon ruwa, ko kumfa ɗaya ba za ka ga ya taso ba. Abin da ke cin ransa guda ne: aikinsa ba ya ganuwa.

"Mai fenti ya shafa launi, kowa ya yaba," yakan ce. "Mai kujeru ya yi ɗinki, a zauna a ji daɗi. Ni da na hana inji mutuwa fa? An kifa mini bonet, an tafi da ni cikin duhu. Wannan wace irin duniya ce?"

Ana nan, ran nan sai ga ƙanwarsa. Auta suke ce mata, tela ce, kuma ita kaɗai ce a duniya ke katse shi yana tsakiyar jawabi. Tare take da mijinta, direban wata tsohuwar bas, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙuda ba ya korewa da ƙarfi. Wata takwas ke nan ba shi da tsayayyen aiki, don bas ɗin ba ta son hawa, da ta ga tudu sai ta fara tafasa. Yanzu kuwa kamfanin kwalabe da ke can saman tsauni yana neman motar da za ta riƙa kai ma'aikata kowace safiya. Manajan ya ce gwaji ɗaya zai yi, ranar Litinin. In bas ta shiga ƙofar kamfani kafin ƙarfe takwas, aiki ya zama na direba. In ta wuce ko da minti ɗaya, akwai mutum uku da ke jira.

"Yaya," in ji Auta, "keken ɗinkina kaɗai ke riƙe da gidan nan, kuma bayana ya fara gazawa. Ka taimaka. Ba jawabi na zo ji ba."

Farfesa ya sa tabarau. "Auta, kin zo inda ya kamata. Ba gyara zan yi ba. Sabo zan ƙera, irin wanda ba a taɓa gani ba. Tarihi zai..."

"Litinin, Yaya."

Ya yi aiki kuwa, wallahi ya yi. Kwana biyar har farar rigar ya cire. Ya auna gaban motar sau uku. Ya yi zane a kan kwali, ya yaga, ya sake. Tsohon lagireton layi biyu ne na bututai, shi ya yi huɗu. Ya jera ganyayyakin tagulla sirara sirara, ya bar musu tazara daidai yadda iska za ta ratsa. Ranar Asabar aka ɗaura, aka kwashi 'yan layi aka hau tsaunin nan da su don gwaji. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya cak, kamar da ƙusa aka kafe ta. Mijin Auta ya sauko yana murmushin da aka daɗe ba a gani a fuskarsa ba.

Da Farfesa ya tsaya nan, da ba ni da labarin ba ku. Amma ranar Lahadi ya ce a bar masa motar, akwai ɗan abin da ya rage.

Ashe tun ranar Laraba ya je wurin mai zanen alluna, ya ce a yi masa allon farin ƙarfe ɗan ƙarami, kamar tafin hannu, a rubuta "Ƙirar Farfesa". Ranar Alhamis ya koma ya ce a ƙara "Babban Injiniyan Sanyin Inji". Juma'a ya tuna ai shi ne ma'ajin ƙungiyar masu lagireto ta layinmu, wadda mambobinta uku ne, ɗaya ma ya daina sana'ar. Aka ƙara. Sai lambar waya, sai shekarar da ya fara aiki, sai hoton kansa da tabarau. Mai zane ya ce wuri ya ƙare, ko a rage girman rubutu. Farfesa ya ce ba zai yiwu ba, a ƙara girman allo. Da aka gama, allon ya kai faɗin ƙaramin tebur.

Safiyar Litinin muka tarar da gaban bas a lulluɓe da zane. Ma'aikata talatin da biyu suka taru, Auta ma ta zo da jakarta, ta ce sai ta gani da idonta. Farfesa ya fito cikin rigar da ta sha guga, ya yi gyaran murya, ya yaye zanen. Tabɗi! Ya cire ragar gaban motar gaba ɗaya, ya ɗaure allon da sukurori huɗu a fuskar lagireton, ya rufe ta ruf, sai ɗan yatsa biyu da ya bari ta gefe. Rana ta daki ƙarfen, sai da muka kare ido.

Mijin Auta ya sosa ƙeya. "Yaya, anya wannan ba zai..."

"Kai tuƙi ka sani, suruki. Bar wa masu ilimi ilimi."

Bakwai da kwata suka tashi. Farfesa ya zauna a kujerar gaba, yana ɗaga wa mutanen hanya hannu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a ji komai ba. Da aka fara hawa, sai allura ta motsa.

"Ƙafarka ta yi nauyi, suruki. Sassauta."

Ya sassauta. Allura ta ƙara gaba.

"Wane ruwa ka zuba mata? Na ce na famfo, ba na rijiya ba."

"Kai ka zuba, Yaya."

Farfesa ya waiwaya ya dubi ma'aikatan, ya ce a lissafinsa bai sa mutane masu jiki haka ba. Wata mata daga baya ta ce ya maimaita, ba ta ji ba. Bai maimaita ba. Ya koma kan rana, ya ce ta yau daban ce. A daidai rabin tsauni allura ta taɓa ja, wani siririn tururi ya fara leƙowa ta gefen hotonsa. Mijin Auta ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya bar injin yana aiki a hankali. Takwas saura ashirin. Ya kifa goshi a kan sitiyari.

Farfesa kuwa ya sauka ya tsaya a gaban mota, ya sa tabarau. "Jama'a, kada hankalinku ya tashi. Abin da kuke gani yana faruwa ga kowace sabuwar ƙira. Inji wuta ne. Ruwa ya ɗauko zafin..."

Auta ta sauko ta ture shi gefe. Ta zaro hankici daga jaka, ta riƙe shi a gaban allon. Hankici ya rataye abinsa, ko motsi. Ta matsar da shi gefe, wurin ɗan yatsa biyun nan, sai fankar inji ta fizge shi ya manne.

"Yaya, ko fankar shagona in na rataya mata zane, zufa nake yi. Me kake gaya wa direbobi kullum?"

Kafin ya buɗe baki, ma'aikata biyar da suka saba wucewa ta layinmu suka amsa baki ɗaya, "Ba iska, ba sanyi!"

"Wancan maganar kayan ado ce," in ji Farfesa. "Wannan kuwa suna ne. Suna daban."

Auta ta tunkari allon. Ta laluba jaka ta fito da ɗan sukundireban keken ɗinkinta, ta naɗe hannu da gefen zane saboda zafi, ta kama sukuro na farko. Farfesa ya fara zagaya ta.

"Auta, ni ne fa na goya ki. Bari mu huda shi kawai. To, a yanke hoton, a bar rubutun. Auta! Ko layin farko ne a bari."

Sukuro na huɗu ya fita. Allo ya faɗi a kan kwalta, ƙararsa har ƙasan tsauni. Fanka ta ja iska, kana jin motar ta yi ajiyar zuciya. Kowa ya cusa kai ta tagar direba. Allura ta yi jim, sannan ta fara ja da baya, sannu sannu, har ta koma tsakiya inda take ranar Asabar.

Takwas saura minti biyu bas ta shiga ƙofar kamfani. Manajan na tsaye da agogo a hannu. Mutum ne mara yawan magana. Ya dubi agogo, ya dubi direba, ya ce, "Gobe ma haka." Mijin Auta ya sauko, Auta ta juya baya tana share ido da hankicin nan mai baƙin mai.

Manaja ya zagayo gaban motar, ya durƙusa ya leƙa lagireton da ke tsaye tsirara ba raga. Ya daɗe yana kallo. Ya ce motocin kamfani uku duk tsaunin nan ya gama da su, bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. "Wa ya ƙera? Ban ga suna ba."

Farfesa ya matso, allo a hammata, ya juya shi yadda rubutun zai fuskanci manaja. Ya ce ai tun farko haka ya tsara, allo ne na cirewa, ana ɗaura shi a ƙasa, a cire a rabin hanya. Manaja ya karanta allon daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke shi ɗan lokaci, sannan ya nuna lagireton.

"Guda uku nake so. Irin wannan sak. Kada a ƙara masa komai."

Yau wata shida ke nan. Bas na hawa tsauni kowace safiya, an mayar mata da ragarta, ba wanda ya san abin da ke bayanta. Farfesa na nan a rumfarsa, biro biyar, jawabi bai ragu ba, sai dai in ya zo wurin "ba iska, ba sanyi" yakan ɗan yi sauri ya wuce, don mai faci na kasa kunne.

Allon kuwa Auta ce ta karɓe. Yana shagonta, a kan teburin guga, a kansa take ɗora dutsen guga in ta ɗaga shi daga kaya. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ai ƙirar yayanta ce, kuma kaf ayyukansa ba ta ga wanda ya kai wannan riƙe zafi ba.