Famfo ko Kwamfuta: Kukan Wanda Ya Riga Ya Yi Sallama

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Ofishin Tantance Gwanaye na Ƙasar Ƙanƙara, Allah ya ƙara maka lafiya da rigar sanyi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu buga hatimi a ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, sunana Kalilu Dabo, mutumin Daura. Yau don murna ji nake kamar in yi tsalle in taɓo rufin ɗaki. Dalilin yana tafe. Kafin nan ka yi haƙuri in sauke ɗan ƙorafi, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun ce ƙasarku na neman gwanaye, amma kowa ya shigo ta ƙofa guda: ko aikin hannu, ko kwamfuta. Wa ya ba ku wannan shawara? Ni na yi makarantar kwamfuta a Katsina, na kuma koyi aikin famfo wajen Hamma, mai gyaran famfon unguwarmu. Kawuna na Mashi, dillalin shanu, ya ce kwamfuta, don yana son ganin hotona a kujera mai juyawa. Gwaggo Shatu ta Mai'adua ta ce famfo, wai ba ta taɓa jin ƙasar da ba a shiga bayi ba. Kowannensu ya ce in na bi ɗayan kada in ƙara taka gidansa. Ni wa zan saɓa wa?

Na biyu. Bara kuka ce 'yan kwamfuta kuke so, na je na sayi tabarau. Bana kuka ce inji ya fara yi wa kansa aikin, mai sifana kuke nema. Ban gama goge sifanar ba wani ya rantse mini a waya cewa kun sake komawa. Don Allah, ranka ya daɗe, a kan lilo aka gina ofishin naku?

Na uku. Kun ce ko wanne na zaɓa sai da takardar shaida. Mu a nan, labarin garinmu ma da baƙo ya fara, wanda ya zo ya warware mana matsalar ruwan rijiya. Ban ji an ce an tambaye shi satifiket ba. Sarauniya aka aura masa. Ni ban nemi sarauniyarku ba, biza kawai.

Na huɗu, kuma nan ne gizo ke saƙa. A ƙasarku ƙila mutum kan ɗauki jaka ya fice. Mu ba a yi. Ranar da na ga sanarwarku, murna ta sa na tsegunta wa Kawu. To wanda ya gaya wa Kawu dole ya gaya wa Gwaggo kafin ta ji a bakin duniya, wanda ya gaya wa Gwaggo kuma dole ya je wajen danginmu na Baure. Kafin in ankara na zagaye dangi kaf ina sallama ina neman gafara. Aka yafe mini laifin da na yi da wanda ban yi ba. Aka haɗa mini guzuri: kilishi, dambun nama, kuka, daddawa. Wani dattijo har ya ba ni goro in kai wa ɗansa da ke wata ƙasa daban, wai waje ai waje ce. Aka raka ni tasha, aka tura ni mota ana kuka. Ta ina zan buɗe baki in ce ko sana'ar ban zaɓa ba tukuna?

Na sauka Kano, na sha shayi, na juyo gida a bayan a-kori-kura, kwance tsakanin buhunan gero.

Na biyar. Iya, mahaifiyata, ta dube ni ta yi salati, ta ce wanda aka raka tasha ba ya yawo a gari washegari, sai dai in so nake a yi da ita a gidan biki har ta mutu. Ta zuba ni a ɗakin hatsi ta ja ƙofa, wai sai amsarku ta zo. Iya ba ta ƙarya, tana tsoron Allah. Duk wanda ya tambaye ni sai ta ce ina nan inda Allah ya ajiye ni, kuma abinci bai yanke mini ba. Ni da ɓeraye muka cinye kilishin ƙasar waje. Kai, amma na ji daɗin wani abu: ta jikin bango na ji mutanen da a da ko gaisuwata ba sa amsawa suna cewa tun ina ƙarami suka ga alama.

Na shida. Sha'aban ya kama, bikin ƙanena Auta da Haulatu ya zo. Ni na goyi yaron nan, ranka ya daɗe. Ga shi za a ɗaura masa aure ina cikin gidan, amma sai dai a miƙo mini waina ta taga. Wannan kam ya ci mini rai, har na yi hawaye a kan buhun dawa.

Jiya da hantsi, mata na tsaka da girki, bututun tankin gidanmu ya fashe. Ruwa ya kwanta a tsakar gida, ya kashe murhu, ya nufi kayan amarya. Aka ce a kira Hamma. Ina Hamma? Ku kuka ɗauke shi bana! Aka ce a kira yaronsa. Shi ma yana wajenku! Allah ya saka muku da alheri, kun tsince mu tas. Wani ɗan kwamfuta cikin abokan ango ya ɗauki hoton ruwan, ya yi kyau ƙwarai.

Sai na ji takun Iya a bakin ƙofa. Ta zare sakata da hannunta, gaban kowa, ta ce in fito, duk mai dariya ya yi, ta gaji da raba tuwo tana ɓoye kwanon ɗanta. Na fito fari fat da ƙaiƙayi, sifana a hannu. Gwaggo Shatu ta rangaɗa guɗa, ta ce jirgi na biyo takanas don famfon nan. Iya ta ce a'a, daga cikin gero yake. Aka yi dariya har wata ta faɗa ruwa, ni ma na yi, na durƙusa na ɗaure bututu. Da aka shafa fatiha ina kusa da Auta, da jiƙaƙƙen wando.

Saboda haka, ranka ya daɗe, na zaɓa: famfo. Kawu ya yi fushi, amma da ruwan ya yi alwala. Sai dai da sharaɗi ɗaya. In kun ɗauke ni, unguwarmu ba ta da sauran mai ɗaure bututu, don haka ku fara aiko mana da naku guda. Za mu tantance shi cikin adalci. Ya zo da satifiket, ya ci jarrabawar gaishe da dattawa, ya zaɓi tsakanin Kawu da Gwaggo. Kafin mu yanke hukunci kuwa masauki na nan, an share ɗakin hatsi.

Kada ku yi gaggawa. Iya ta mayar da kwanona cikin jeri, ta ce gafarar da aka yi mini ta isa, ba za ta sake raka ni tasha ba.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda ke durƙushe ƙarƙashin tanki yana yi maka addu'a,

Kalilu Dabo, Daura.