Makullin Baba Ginshiƙi

Duk layin nan, tun daga mai gyaran keke har mai sayar da kwanuka, ba wanda Allah ya ba sanin yadda ake riƙon sana'ar gado kamar Baba Ginshiƙi. Shi da bakinsa ya gaya mana, kuma mai tumbi irin nasa ai ba ya ƙarya. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Mu a bayan idonsa Kacau-kacau muke ce masa, don kafin ka hango hularsa ka riga ka ji makullan da ke rataye a ƙugunsa.

Shagon ɗinki ne, na ubansa. Marigayin tela ne na gaske, kallo ɗaya zai yi maka ya gama awonka. Tun Ginshiƙi bai tsayar da gemu ba tsohon ya danƙa masa makulli, ya koma gida ya miƙe ƙafa, bai sake tambayar ko zare ya ƙare ba. Ginshiƙi na son ba da labarin nan, har da share hawaye da bakin riga.

"Sana'a amana ce," yakan ce wa ƙungiyar teloli, duk sanda suka yi kuskuren ba shi dama. "Ni mai riƙo ne kawai. Yadda aka miƙo mini, haka zan miƙa wa na baya."

Kuma kada a ci haƙƙinsa, yana miƙawa. Ban taɓa ganin mai yawan miƙawa kamarsa ba.

A karon farko kujeru ya yi haya, ya sayo lemo, ya tara layin kaf. Ya yi jawabi har lemon ya huce. Sannan ya kira babban ɗansa, wanda tun yana goye ake ce masa Magaji. Magaji ya durƙusa, aka ɗora masa makulli a tafin hannu, muka yi tafi, uwarsa ta yi kuka. Washegari da sassafe sai ga shi cikin sabuwar riga, ya zura makulli, makulli ya ƙi juyawa. Ya duba da kyau. Sabon kwaɗo ne, yana ta walƙiya. Can sai muka ji kacau-kacau daga bakin kwana.

"Wancan ya fara tsatsa ne, yaro," in ji Baba yana buɗewa da nasa. "Amma ka adana naka, akwai albarka a jikinsa."

Haka aka yi ta yi. Duk sanda Baba ya yi zazzaɓi ya tuna mutuwa, sai a kawo kujeru. Da ya ji sauƙi, sai mai sayar da kwaɗo ya yi ciniki. Albarka ta taru wa Magaji har ta cika gwangwani, matarsa ta ba yara suna wasa da ita. Ya yi furfura, ya aurar da 'ya, har yanzu sunansa yaron nan.

A cikin shagon kuwa, 'ya'ya su ɗinka, su yi guga, su sa maɓalli, amma yankan yadi na Baba ne shi kaɗai. Almakashi na cikin aljihun tebur, teburin ma da nasa makullin. Ga ido ya fara gajiya. Wani bawan Allah ya dawo da wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Baba ya ɗaga wandon ya duba, ya dubi mutumin sama da ƙasa.

"Malam, ka je a duba maka ƙafa. Almakashin gidan nan bai taɓa kuskure ba."

In ya tafi gaisuwar rasuwa kuwa, da shagon yake tafiya a ƙugu. Sai ka ga gandama-gandaman 'ya'yansa jere a benci a waje, su da uwar amarya tana huci, kayan bikin 'yarta na kulle a ciki.

Auta ce ta fara gajiya, ita da ke ɗinkin mata. Ta sayi keke ta ajiye a ɗakinta, matan layin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya ya bi sahu. Da aka yi wa Baba jaje, sai ya gyara hula.

"Jajen me? Rassa na buɗe. Babban kamfani haka yake yi."

Magaji ne ya zauna, don shi Allah ya zuba masa haƙuri kamar ba zai ƙare ba. Sai ran nan wani ya zo da gaggawa zai yi tafiya, Baba kuma ya fita ya manta aljihun tebur a buɗe. Magaji ya shimfiɗa yadi, ya sa alli, ya fara yanka. Yanka mai kyau kuwa, irin na kakansa. Ana cikin haka Baba ya shigo, ya doke masa hannu a gaban mijin 'yarsa da ya zo gaishe shi.

"Wa ya ba yaro almakashi?"

Surukin ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Magaji ya ajiye almakashin a hankali.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Wata bai mutu ba Magaji ya kama shago a ƙasan layi, ƙannensa suka kwaso kekunansu suka haɗu da shi. Kowa da makullinsa. Masu kawo ɗinki suka riƙa wuce ƙofar Baba, su gaishe shi da ladabi, yadi a hammata, su gangara.

Bana gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, Baba ya sake kiran taro. Kujerun sun fi mutanen yawa. Ya yi jawabi kan zuri'a bayan zuri'a, ya ciro makulli ya ɗaga sama, ya rantse wannan karon har zuci ne. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Magaji ya zo ya durƙusa yadda ya saba, amma hannuwansa na kan gwiwa.

"Baba, ka riƙe abinka. Shagon Kaka ya daɗe da tashi, yana can ƙasan layi. Ɗaki ne ya rage, shi kuma ya saba da kai."

Baba ya tsaya da makulli a sama. Sannan ya juyo gare mu.

"Kun ga tarbiyya? Ɗana ba ya kwaɗayin abin duniya."

Muka yi tafi, tunda mun sha lemonsa.

Satin da ya wuce mantuwa ta kama shi, ya rataya kwaɗo a ƙofa bai danna ba, ya tafi gida. Da safe ya tarar da ƙofa a wangale, ya yi ta ihu yana cewa an kwashe dukiyar kakanni. Muka shiga muka duba. Ga tsohon keke, ga teburi, ga kujerar Baba, ga ƙyallaye a ƙasa, komai na nan inda yake. Ɓarawon ya shiga, ya zagaya, ya duba ko'ina, ya fito ya tafi da kwaɗon.