Ranar Da Na Yi Kururuwar An Sace Kwamfuta Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a gidanmu na haya a Ƙonni ba, shekarar da nake shirin yaye Nafisa. Ni ƴar Dogarawa ce, lakwal ɗina, wato karatun boko, aji uku ne aka cire ni. Amma ina da ido, kuma ina da tsoro, su biyun nan suka haɗu suka kunyata ni.

Maigidana, Baban Nafisa, yana koyar da kwamfuta a wata ƴar makaranta mai zaman kanta. Ya nemi a buɗe masa aji na koyar da yadda kwamfutoci ke haɗuwa suna magana da juna, abin da suke ce wa rezo. Darakta ya ce ba su da injinan da za su ware wa wannan. Maigidana kuwa ya riga ya faɗa mini, in ajin nan bai samu ba, Legas zai tafi nema ya bar ni da yarinya. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Sai ya roƙi a ara masa kaya ya gwada wata dabara a gida. Da idona na ƙirga kwali uku aka sauke daga amalanke, aka shigar ɗakin zaure. Ya rufe ƙofa saboda Nafisa, wadda ba ta ganin waya ba ta kai baki ba. Kwana huɗu yana ciki. In ya fito cin tuwo sai in ji yana cewa, "Uwar ta tashi, ta farin ta gan ta, ta biyun ce ta ƙiya." Na tambaya, ya ce inji uku ne, uwa guda da ɗiya biyu, uwar ke raba musu lamba don su gane juna. Kwali uku, inji uku, lissafi ya fita. (Ban sake tambaya ba, don kar a ce matar mushe, wato malamin makaranta, ba ta gane komai.)

Ranar Larabar ya buga babur zai ɗauko darakta ya nuna masa. Ya miƙo mini makulli.

"Ki share ɗakin, ki sa tabarma. Duk ukun kunne suke, kar ki taɓa komi, don Allah."

Na goya Nafisa, na ɗauki tsintsiya, na buɗe. Teburi ɗaya, gilashin kwamfuta ɗaya, akwatin ƙarfe ɗaya yana ƙugi a hankali, sai wani ƙaramin baƙin akwati a ƙasa mai kama da batir. Na duba ƙarƙashin teburi, na duba bayan ƙofa. Na ɗaga kai, taga a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Na sake ƙirgawa, inji ɗaya ne tak. Kayan aro, a hannunmu, biyu sun tafi!

Abin da uwata ta koya mini shi na yi: in ɓarawo ya san hanya, abin da ya rage a kai shi inda namiji ba ya shiga. Na fizge wayoyin duka, ƙugin ya tsaya cak. Na naɗe akwatin da zanen aurena, na rungume shi zuwa ɗakina, na tura can ƙarƙashin gado bayan jerin kwanonina. Har na ji daɗin hankalina.

Sannan na fita ba ko takalmi, na faɗa gidan maƙwabciyarmu Maman Fati, wadda mijinta jandarma ne, ranar kuma yana hutu.

"Maman Fati, mun shiga uku, an yashe mu!"

"Subhanallahi! Mi anka ɗauka?"

"Kwamfuta biyu, ɗiyan. Uwar kaɗai anka bari!"

Mijin nata, da muke ce wa Shef, ya fito da singileti da ɗan littafi. Kafin mu kai zaure mata sun cika ƙofar gida, har mai sayar da icce ya tsayar da jakinsa. Shef ya auna tagar da hannu, ya ce, "Madam, ta nan ko kaza sai ta yi da gaske." Ya tambaye ni launinsu, na ce ban sani ba. Girmansu fa? Ban sani ba. "To kin taɓa ganinsu?" Na ce ban gan su ba, amma kullum ina jin labarinsu. Ya dube ni, ya rufe littafin.

Ana cikin haka babur ya tsaya. Darakta a baya da babbar riga, maigidana ya kutsa cikin mutane, ya ga teburi ba akwati, wayoyi na reto. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ina injin?"

"Kwantar da hankalinka, na ɓoye uwar. Ɗiyan ne dai…"

Ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Cikin sanyin murya ya ce, "Ɗiyan cikin uwar suke, Maman Nafisa. Duk ukun cikin akwati guda na gina su. Kwali ukun da kika gani, gilashi ne da akwati da batir."

Maman Fati ce ta fara, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Haka na rarrafa ƙarƙashin gado, kwanoni na ƙara duk unguwa na ji, na fito da akwatin naɗe da zane kamar jaririn suna, yana ƙamshin turaren wuta.

Sai dai ba dariya ce a raina ba. Maigidana ya faɗa wa darakta gaskiya, cire musu wuta haka kwatsam na iya lalata aikin kwana huɗu. Ya mayar da wayoyin, ya kunna. Na tsaya bakin ƙofa ina karanta duk abin da na haddace. Taga ta farko ta buɗe a gilashin, uwar kenan. Can ta biyu ta buɗe gefenta. Ta ukun ta yi shuɗi, wasu lambobi na ta hawa a hankali, ya ce tana duba ko ta ji ciwo ne. Minti nawa ban sani ba, ni dai na ga tashar motar Legas a idona. Daga ƙarshe ta tashi. Ya rubuta gaisuwa a ɗaya, sai ga ta ta fito a ɗayar. Shef har ya leƙa bayan akwatin ya tabbatar ba wata waya a ɓoye.

Darakta ya ce, "Wato ajin duka mace guda na iya ɗaukarsa da goyo a baya? Mushe, Litinin ka fara." Da zai fita ya ce mini, "Madam, sannu da gadi."

Baban Nafisa bai je Legas ba, bai kuma yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Wata guda ina aika a sayo mini cefane don kar in bi ta ƙofar Shef. Abin da na koya kuwa, jin kunyar tambaya a ɗaki gaban mutum ɗaya ya fi sauƙi ƙwarai, in ka ƙi, za a yi maka bayanin a ƙofar gida, gaban unguwa da jaki.