Katin da Malama Ta Ɓoye

Ba za ni taɓa mantawa da Talatar da na kama malamar makaranta da maguɗi ba, ni da karatuna ya tsaya aji ukku (shi ma na ukkun, rabinsa bisa katanga na yi shi).

Lokacin watanmu biyar da baro ƙauyenmu na wajen Kurawa, mun raɓe a Isa, ɗaki guda gidan wani ɗan'uwa. Mutanen daji ne sunka tashe mu. Ɗana Sani bai biyo mu ba, kuma ba shi biyowa. Ya bar mini ɗiyarsa Saratu, shekara bakwai. Da can in na ce mata amaryata, sai ta ce ba ta auren mai haƙori huɗu. Tun ranar da munka fito ta daina magana. Sai kai, sai ido.

Malama Rabi ta firamaren unguwarmu ke tara yaran da sunka gudo, bayan an tashi makaranta, tana yi musu wasa da wasu katuna. Kowane da zanensa: rijiya, akuya, tsohuwa da tulu. Yaro ya ja guda, ya duba, ya ɗora magana bisa labarin da na gabansa ya fara. Na ce, "Malama, tatsuniya da rana tsaka? Mu a zamaninmu mai yin haka ɓacewa yake a daji. Kuma da karta?"

Ta yi dariya. "Baba, taho ka zauna ka gani. Saratu ta fara miƙa hannu tana jan kati. Maganar ce ta rage."

To ni, Allah Ya yafe mini, na yi ƙuruciya. Kafin in tuba in riƙe tasbaha, babu rumfar karta daga Sabon Birni zuwa Bafarawa da ba ta san zamana ba. Ina zama bisa tabarma na ga Malama ta zare kati guda ta tura ƙarƙashin littafinta, kana ta cakuɗa sauran. Na ce a raina: ashe har masu aji goma sha shida.

Labari ya tashi. Wani ya ja akuya: "Akwai wata akuya mai son yawo." Wata ta ja rijiya: "Ta leƙa rijiya ta ga wata akuya ciki." Anka zo kan Saratu. Ta ja tsohuwa da tulu, ta daɗe tana kallo, leɓenta ya motsa. Wallahi na ga ya motsa. Mai hankali shiru zai yi. Ni ko na ga shirun ya yi yawa, na ce bari in taimaka da raha.

Na zaro katin nan daga ƙarƙashin littafin na ɗaga sama. "Jama'a, Malama na cin amanar wasa! Ba a ɓoyon kati gaban tsohon ɗan karta."

"Baba, aje shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah aje."

Ban aje ba. Na juya shi, babur ne, ja. Na ce, "Sai ga babur ya taho!" Na kama kansa a iska, na murɗa, na saki ƙugi iyakar ƙarfin maƙoshina (kwaikwayon babur kam, ko makaniki sai ya waiga).

Ban ƙarasa ba tabarma ta watse. Biyu sunka shige ƙarƙashin benci. Wani ƙarami ya jiƙa wandonsa yana tsaye. Babu wanda ya yi kuka, kuma wannan ya fi ci mini rai: an koya musu ba a kuka in an ji baburan mutanen daji. Saratu ta kwanta rub da ciki, hannuwa bisa kai, yadda uwarta ta kwantar da ita cikin dawa ranar nan.

Ga ni zaune, hannu a iska, riƙe da babur ɗin da babu.

Da Malama ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Baba, mako ukku ina ɓoyon katin ga. Tunda ka fiddo shi, ƙarasa labarin."

Na buɗe baki. Duk tatsuniyoyin da nake cika baki da su sun gudu sun bar ni.

Can wata murya ta taso daga ƙasa, a dishe.

"Mai ya ƙare mishi."

Malama ta duƙa. "Mi kika ce, Saratu?"

"Babur ɗin. Mai ya ƙare mishi bisa hanya. Bai iso garin ba." Ta lalubo katinta, fuska har yanzu a tabarma. "Tsohuwa ta ɗebi ruwanta ta koma gida."

Ɗaya daga na ƙarƙashin benci ya leƙo. "Akuya ta cinye kujerar babur ɗin." Wasu sunka ɗan yi dariya, ba da yawa ba.

Kada wani ya ce ni na buɗe bakinta. Saura kaɗan ta yi maganar nan tana zaune, bisa tsohuwa da tulu, ni na sa ta yi ta kwance. Yaron da ya jiƙa wando kuwa sai bayan mako biyu ya sake zuwa. Har yau maganar Saratu ba ta dawo duka ba, wata rana akwai, wata rana babu.

Amma ranar, muna isa ƙofar gida, ta dube ni ta ce, "Tsoho, ba ka iya wasa ba." Maganarta ta farko gare ni ke nan cikin wata biyar.

Yanzu in na raka ta, bakin taga nake zama, daga waje. In na ga Malama ta tura wani abu ƙarƙashin littafi, sai in sa hannuwana duka biyu cikin aljihu, in nemi tasbaha.